Shekarar da Inna ta Wanke Kwamfutar Falo

Na san abin da ake faɗa muku a gidajen biki. An ce uwarku ce ta shafe muryar kakanku da rawar kanta, an ce ita ta raba gida biyu har yayanta ya tattara ya koma unguwar Bonamoussadi. Ke Hafsatu kin taɓa tambayata kina 'yar sakandare, na ce ki tashi ki ba ni wuri. Kai kuwa Bashir ba ka taɓa buɗe baki ba, amma ina ganin tambayar a idonka duk ranar da aka kunna muryar Inna a falo. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, na ga gara in rubuta da hannuna tun kafin wani ya rubuta mini. Ba ban-haƙuri na zo yi ba. Inda na yi kuskure zan faɗa ba ɓoye-ɓoye, inda ban yi ba kuwa ko a gaban wa zan maimaita.

A wancan lokaci ni da kawunku, Yaya Sule, muna da shago a New Bell, cikin Douala, ɗaki ɗaya mai fanka ɗaya, a layin da ruwa ke kwanciya duk damina. Kwamfutocin gwanjo muke saya daga waɗanda ke fito da su daga tashar jirgin ruwa, mu gyara mu sayar. Yawancinsu fanko suke zuwa, wasu kuma da yaren da ko Yaya bai san na wace ƙasa ba ne. Kafin kwamfuta ta yi amfani sai an zuba mata sistem, wato abin da ke tafiyar da ita gaba ɗaya, kuma wannan aikin na Yaya ne. Ba zan rage masa komai ba, gwani ne. Zai zauna gaban baƙin allo yana ta buga haruffa, ya raba cikin kwamfuta ɗaki-ɗaki yadda ya ga dama, ko kallon yatsunsa ba ya yi. Shi ya koya mini duk abin da na sani, bayan na baro aikin buga takardu a Ndokoti. Sai dai Yaya yana da wani hali: yana son a tsaya a bayansa ana kallo ana jinjina kai.

Abin da ya fara tayar mini da hankali wata tela ce, Maman Zulai, da ke ajiye hotunan ɗinki a kwamfutarta. Sau uku ta ɗauko ta a kan bensikin, wato acaɓa, cikin ruwan sama, ta naɗe ta da zani kamar jaririya, don aikin da bai fi a amsa tambayoyi ba. A zuwa na uku ta leƙa ta kafaɗar Yaya ta ce ko zai nuna mata ta riƙa yi da kanta. Ko juyowa bai yi ba.

"Hajiya, wannan ba aikinki ba ne. Je ki dawo jibi."

Matar da ke yanka shadda mai tsada ba tare da hannunta ya yi rawa ba, ita ake gaya wa haka. Na duba na ga tambayoyin da sistem ke yi wajen zubawa sun kai ashirin, dukkansu da Faransanci ko Turanci, kuma a cikinsu waɗanda suka shafi irin Maman Zulai ba su wuce uku ba. Sauran duk amsa ɗaya Yaya ke ba su kullum. Na ce a raina, to me ya hana a amsa su tun daga gida?

Wata huɗu na yi ina haɗa kile ɗina, ɗan abin nan da ake sokawa a gefen kwamfuta. Na yi masa ƙofa biyu. Idan ka soka shi, allo zai nuna maka hanya biyu. Ta farko ta sabon shiga ce: tambaya uku kacal, da manyan hotuna, kuma na naɗi muryata da Hausa tana karanta kowace tambaya, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ta biyu kuwa ta gwanaye ce, baƙin allon Yaya yana nan yadda ya san shi, ko wasali ban cire ba. Ranar da na nuna masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ture kujerarsa baya.

"Dije, c'est pas un jouet, ba abin wasa ba ne. Wuƙa ce kike son miƙa wa yara."

"Yaya, duk matar da ke unguwar nan da wuƙa take girki, ban ga wadda ta zo gare ka neman izini ba."

"Kin ɓoye wa mutane abin da injin ke yi. Wanda bai san abin da yake dannawa ba, wata rana zai yi kuka. Mu kuma da muka sha wahala muka koya, kin mai da mu 'yan kallo."

"Ƙofarka tana nan, ban taɓa ta ba. Ka shiga ta nan, ka bar su su shiga ta can."

Ya ce in yi abin da na ga dama, amma ranar da ta ɓaci kada in kira sunansa. Na ce na ji. Ina da taurin kai, kun sani, ba daga ƙasa kuka tsinci naku ba.

Don in rufe masa baki sai na ce zan gwada da Inna. Kakarku ba ta san boko ba, ajami kaɗai take karantawa, kuma ko rediyo ba ta yarda ta murɗa, sai ta kira wani. Amma matar nan ta yi shekara talatin tana sayar da goro, tana ware fari da ja da taɓawa kawai. Na kawo wata fankon kwamfuta gida da la'asar, na ajiye mata a kan tabarma, na soka kile. Da ta ji muryata ta fito daga ciki sai ta ja da baya ta yi salati, sannan ta fashe da dariya. Muryar ta tambaye ta yare, ta danna. Ta tambaye ta gari, ta danna. Sannan ta ce, "Za a wanke kwamfutar nan tas a zuba sabon sistem. A ci gaba?" A ƙasa akwai babban maɓalli kore guda ɗaya, na rubuta masa To. Inna ta ce "to" da bakinta, ta danna da yatsanta mai lalle. Bayan ɗan lokaci allo ya haska, komai ya hau. Ta dube ni ta dubi hannunta.

"Shi ke nan? Wannan ne abin da ake rufe mana ƙofa a kansa?"

Har maƙwabta ta kira su zo su gani. Ban taɓa ganin Inna da irin wannan farin ciki ba tun rasuwar Baba, kuma ina roƙonku ku riƙe wannan a ranku kafin ku karanta abin da ya biyo baya.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a falonmu. A shekararsa ta ƙarshe, Baba ya riƙa zama bayan la'asar yana ba da tarihin gidanmu, Yaya yana ɗauka a kaset: yadda kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da shanu, garuruwan da suka yada zango, wanda ya mutu a hanya, wanda ya yi aure ya tsaya, yadda aka iso Douala aka kafa gida a New Bell tun wurin yana fadama. Kaset goma sha ɗaya. Daga baya Yaya ya juye su cikin kwamfutar falo, kuma Allah ya sa ya yi, don daminar da ta biyo ruwa ya shiga ɗaki ya lalata kaset ɗin duka. Saboda haka muryar Baba wuri ɗaya ta rage a duniya. Ni na ɗauka Yaya ya yi kwafi, tunda shi ne gwani mai yi wa kowa wa'azin kwafi. Shi kuma kullum yana cewa gobe. Kwamfutar ta tsufa, ta cika da birus, cutar nan ta kwamfuta, sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Sau da yawa muna cewa a gaban Inna, wannan sai an wanke ta.

Wata Talata da safe na manta kile ɗin a kan teburin falo. Da muka dawo cin abincin rana ni da Yaya, muka tarar da Inna zaune a kujera ta yi wanka ta sa sabon kallabi, kwamfutar falo a kunne, allonta fes. Murmushi take yi irin na wanda ya ɓoye wa yara tsaraba.

"Na wanke muku ita. Ku duba yadda take gudu yanzu."

Yaya ya saki ledar da ke hannunsa. Ya durƙusa gaban kwamfutar, ya buɗe nan ya buɗe can, sannan ya zauna a ƙasa daɓas. Da Faransanci ya faɗa, ina jin don kada Inna ta gane.

"Tout est parti. Papa est parti, Dije." Wato komai ya tafi, har da Baba.

Amma Inna ta gane. Na ga murmushin ya bar fuskarta a hankali, kuma har in mutu ba zan manta da wannan ba. Kwana uku Yaya ya rufe shago yana haƙa cikin kwamfutar da duk dabarar da ya sani. Abin da ya samo guntu ne da bai kai a sha ruwa ba. Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "Dije, rage ƙarar rediyon nan," sai ya yanke. Shi ke nan abin da ya rage na kaset goma sha ɗaya. Na shiga ɗaki na yi kuka har muryata ta dishe. Na ji kamar ranar ce aka fita da gawarsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tara dangi a falo. Yaya ya yi magana, kuma bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Ya ce ya gargaɗe ni ban ji ba. Ya ce a gaban kowa in kawo kile ɗin a fasa shi da turmi, in kuma yi alkawarin ba zan sake haɗa irinsa ba, in ba haka ba shi da ni ba za mu ƙara zama a shago ɗaya ba. Ya ce laifin ba na Inna ba ne, tsohuwa ce, ba ta san abin da take yi ba, an ba ta abin da ya fi ƙarfinta. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa kaina a ƙasa, kile ɗin a cikin tafin hannuna, kuma wallahi saura kaɗan in miƙa.

Ku kun san Yaya ɗan fari ne. Tunda aka haife ni ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce da bango, "A gaya wa wancan tuwo na hucewa." Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da ce, ba ta taɓa sassauta ta ba. Ranar nan sai ta gyara zama ta juya ta fuskance shi.

"Sulaimanu."

Yaya ya ɗago kamar an watsa masa ruwa.

"Kada ka sake cewa ban san abin da nake yi ba. Ni na ɗauka, ni na soka, ni na danna. Laifina ne, kada ka ƙwace mini shi ka ba wata. Shekara nawa abin nan yana falona ina share masa ƙura, ba wanda ya taɓa ce mini ga abin da ke ciki, ga inda malam yake zaune. Kun ce ba aikina ba ne. Da kun gaya mini, da na taɓa? Ita ta buɗe mini ƙofa ba ta gaya mini akwai rijiya ba. Kai kuma ka san da rijiyar, ka bar ta ba murfi. Ni na faɗa. Kowa ya ɗauki nasa."

Ni dai na ji wani abu ya miƙe a ƙirjina. Na rufe hannuna a kan kile ɗin, na ce da Yaya ba zan fasa ba. Na ce abin yana da aibi, na yarda, kuma zan gyara, amma ba zan koma zamanin da Maman Zulai za ta riƙa yawo da kwamfuta a cikin ruwa don a amsa mata tambaya uku ba. Ya tashi ya sa takalminsa. Kafin wata ya ƙare ya kwashe kayan aikinsa ya buɗe nasa wurin a Bonamoussadi. Shekara bakwai bai taka shagona ba. In zai gai da Inna sai ya auna lokacin da ba na gida. Wannan ne kuɗin da na biya, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda na bari kuka gani, don Yaya ne ya goya ni ina ƙarama, shi ya fara ɗora yatsuna a kan haruffa.

Yanzu ga kuskurena, ku ji shi da kyau. Ba sauƙin da na yi ne kuskure ba. Kuskuren shi ne na manta da mutanen da nake yi wa aikin. Mu nan ba a koya mana cewa a'a ba. Baƙo ya ce a ci gaba, ka ce to. Babba ya ce a ci gaba, ka ce to. Balle muryar 'yarka ta cikinka ce ke tambaya, ga kuma maɓalli ɗaya tal, kore, yana jiranka. Kuma a wurin Inna wanki ba ya cinye kaya, datti kawai yake fitarwa. Na yi tambayar da amsarta ɗaya ce a al'adarmu, sannan na ce na nemi izini. Wannan ba izini ba ne.

Saboda haka na sake ƙofar farko daga tushe. Na sa kile ɗin ya riƙa yin sallama kafin ya shiga, kamar yadda ba mai faɗawa gidan mutane kai tsaye. Yanzu in ka soka shi, sai ya fara leƙa cikin kwamfutar. In ya ga hotuna sai ya jera maka su a allo ka gan su da idonka. In ya ga murya sai ya kunna maka ita. Sannan muryata ta ce, "Akwai kayan mutane a nan. Na wa ne?" Na cire maɓallin To gaba ɗaya. In akwai kaya a ciki, ƙofar farko ba ta shafe komai, sai dai ta zauna a gefe ta bar su, ko ta ce a kawo wani kile a kwashe tukuna. Wanda ke son shafewa sai ya bi ta ƙofa ta biyu. Wasu masu gyara suka ba ni shawara in sa wa ta biyun ma takunkumi, in cika ta da gargaɗi. Na ƙi. Wanda ya san aikinsa ba a tsare shi a bakin ƙofa ana tambayarsa ko ya tabbata. Na bar ta yadda Yaya ya san ta, ko da yake ba ya nan balle ya gani.

Maman Zulai ce ta fara gwada sabon. Da hotunan ɗinkinta suka bayyana a allo ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, abin nan ya san ni!" Daga ita sai malaman Islamiyya, sai masu shaguna, har daga unguwar Cité des Palmiers ake zuwa kwafa. Ban hana kowa ba.

Inna kuwa ba ta tsaya kuka ba. Bayan sati biyu ta ce in nuna mata inda ake ɗaukar murya. Kullum bayan la'asar, a kujerar da Baba ke zama, sai ta kunna da kanta ta ba da tarihin yadda ta ji shi shekara arba'in a bakinsa. Inda ta manta sai ta ce, "Nan malam ne ya sani," ta yi shiru kaɗan, ta wuce. Wannan ita ce muryar da kuka tashi kuna ji. Ba ta maye gurbin ta Baba ba, kada wani ya yaudare ku. Akwai sunayen garuruwa da na kakanni da suka tafi har abada, kuma da hannuna a ciki.

Ranar sadakar bakwai ɗin Inna, bayan mutane sun watse da yamma, Yaya ya shigo falo da kwamfutarsa a hammata. Gemunsa ya yi fari, nawa gashin ma haka. Ya ce yana son muryar. Na kunna masa, ya zauna a ƙasa inda ya zauna waccan ranar, ya saurari wurin da take ba da labarin haihuwarsa. "Wancan yaron" take ta cewa, daga farko har ƙarshe. Ya share ido da hularsa.

"Sau ɗaya ta kira sunana a duniya. Shi ma faɗa take yi mini."

"Ka gode wa kile ɗina, Yaya. Ba don shi ba, da ko ɗayan ba ka samu ba."

Ya harare ni, sai kuma dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba. Ya miƙo hannu, na ciro kile ɗin daga cikin makullaina na ba shi. Ya soka a tasa kwamfutar, ya wuce ƙofar farko ko kallo bai yi mata ba, ya shiga ta biyu. Baƙin allo ya fito. Ya yi ta bincike, yana neman inda na rage masa wani abu, ni kuma ina tsaye a bayansa na naɗe hannu.

"Ba ki taɓa komai ba."

"Shekara bakwai ke nan da na gaya maka."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, kuma har yau ba wanda ya ce ɗan'uwansa ne ke da gaskiya. Amma kafin ya tashi ya yi kwafin muryar Inna guda uku, da ɗan guntun Baba a farkon kowanne. Ɗaya yana wurinsa. Biyun suna cikin akwatina a ƙarƙashin zannuwa, na rubuta Hafsatu a jikin ɗaya, Bashir a jikin ɗaya. Ku zo ku ɗauka tun ina da rai, kada ku ce gobe.